Ta'amin ɗin motata ya tashi, na zagaya kafin na sabunta: abin da na gani a Tameeni da kuma maganar inshorar gida

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Jidda da Makka da kewaye. Na daɗe ina so in rubuta wannan abin, saboda duk majalisar da ka zauna yanzu bayan isha'i in ba maganar kuɗin haya ake ba to ta ta'amin ce, inshorar mota kenan ga waɗanda ke karantawa daga gida. Kowa na kuka an ƙara kuɗi amma da ka tambayi mutum kamfani nawa ya duba kafin ya biya sai ya ce ai saƙo suka turo masa ya biya kawai, ko kuma ya ba wani mai ofis a unguwa ya yi masa. Ni ma haka nake yi shekara da shekaru, bana ne na canza.

Motata Camry ce 2017, da sunana take, ita nake zuwa aiki da ita, ita ke kai yara makaranta, in Juma'a ta zo wani lokaci mu hau titin Haramain mu tafi Makka wajen 'yan uwa a Shari'u Mansur. Bara riyal 870 na biya na didal gair, wato wanda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani kawai, taka motar babu ruwansu da ita. Saura sati uku takardar ta ƙare sai ga saƙo daga kamfanin da nake tare da su wai in sabunta a kan 1,460. Wallahi sai da na sake karantawa sau biyu. Ban buga kowa ba, ba a buge ni ba, shekara huɗu kenan ban kira Najm, kamfanin da ke zuwa rubuta rahoton hatsari, ba ko sau ɗaya, motar ma ƙara tsufa ta yi ba sabunta ba, to ƙarin kusan 600 daga ina? Na kira su, yaron da ya ɗauka ya yi min magana da ladabi amma amsarsa ɗaya ce, farashin kasuwa ne ya hau, kayan gyara sun yi tsada. Na san akwai gaskiya a ciki, duk wanda ya shiga Sina'iya, unguwar masu gyaran mota, kwanan nan ya san nawa fitila ɗaya ta koma, kuma harajin nan na kashi 15 da aka sa tun Yulin 2020 yana kan kusan komai har da ita takardar ta'amin ɗin. Amma ni ma ai albashina bai hau ba, ga kuɗin murafiƙin riyal 400 duk wata a kan kowane mutum ɗaya na iyali, ga haya da ta haukace a Jidda tun bayan rusau ɗin Gulail da Karantina da Sabil da sauran unguwannin da mutanenmu suka fi yawa, kowa ya kwararo neman shigga, wato gidan haya a bene, lokaci ɗaya.

Kuma barin motar babu ta'amin ba dabara ba ce yanzu. A da wasu sukan bari sai lokacin sabunta istimara, takardar rajistar mota, su yi, to tun 1 ga Oktoba 2023 murur, 'yan sandan hanya, suka fara kama wannan laifin ta na'ura, ba sai ɗan sanda ya tsayar da kai ba, kyamara ta ɗauki lambar mota a duba a ga babu ta'amin sai mukhalafa, wato tara, ta faɗo a Absher, manhajar gwamnati, riyal 100 zuwa 150, kuma duk bayan kwana 15 ana iya sake rubuta maka wata. Wannan ma ƙaramin abu ne a kan ka bugi motar wani mai tsada ko Allah ya kiyaye ka taɓa rai ba ka da komai a hannu. Didal gair ɗin nan da muke rainawa yana ɗaukar nauyi har riyal miliyan 10.

Ƙanina ne ya zo cin abincin dare ya same ni ina ta lissafi a takarda, ya ce Yaya me ya faru, na nuna masa saƙon. Ya ce Yaya don Allah kar ka biya tukuna, ba ni wayarka. Shi ya sauke min Tameeni. Na san sunan, ina ganin tallansu, amma ni a tunanina duk irin waɗannan abubuwan na 'yan ƙasa ne da yara masu Turanci. Ashe ba haka ba ne. Manhajar ba kamfanin inshora ba ce, dillali ce, tana tattaro maka farashin kamfanoni da yawa a shafi ɗaya ka zaɓa. Abin da ta nema a wajena lambar iƙama, watan haihuwa da shekara, da raƙam tasalsuli, wato lambar siriyal ta motar, wanda ke rubuce a jikin istimara, shi kenan sai sauran bayanan motar suka fito da kansu. Akwai Larabci akwai Turanci, wanda ya iya karanta ɗaya daga ciki ko sama-sama zai gane. Adireshin ƙasa kuwa, unwan watani, ka tabbata ka gyara shi ya dace da inda kake zaune da gaske, domin garin da kake da unguwar suna cikin abin da ake yi maka farashi da shi, da shekarunka, da irin motar.

Bai fi minti biyu ba farashi suka jero. Sunayen da muka sani duk suna nan, irin su Tawuniya, Al Rajhi Takaful, Walaa, Malath, Medgulf, Salama da wasu da ban taɓa ji ba. Ba zan ce wane ya fi wane araha ba saboda abin da ya fito min ba shi zai fito maka ba, ƙanina da ya saka tasa Elantra a wayarsa jerin ya juye gaba ɗaya, wanda ke ƙasa a wajena shi ne a sama a wajensa. Ni dai mafi araha ya zo 905 har da haraji, mafi tsada ya haura 2,000, a kan mota ɗaya, mutum ɗaya, kuma takardar didal gair sharuɗɗanta iri ɗaya ne a ko'ina domin hukuma ce ta tsara ta, ba kamfani ba. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya min a rai. Kaya ɗaya, wani na sayarwa 905 wani na sayarwa sama da ninki biyu, kuma ni saura ƙiris in biya 1,460 don kawai na saba da su.

Abu na biyu da na gano a daren nan, wanda nake roƙon kowa ya kula da shi, shi ne rangwamen rashin hatsari. Duk shekarar da ka yi ba a biya wa kowa kuɗi ta dalilinka ba, akwai ragin da ya zama haƙƙinka, yana hawa shekara bayan shekara, a didal gair yana kaiwa kashi 50 in ka cika shekara 5, a shamil, wato wanda ke biyan har da ɓarnar taka motar, har kashi 60. Ba alfarma ba ce kamfani ke maka, tsari ne tun lokacin da babban banki SAMA ke kula da harkar, yanzu kuma tun ƙarshen 2023 akwai hukumar inshora mai zaman kanta, Hai'atut Ta'amin. Najm ne ke riƙe da tarihin, kuma tarihin naka ne, yana bin lambar iƙamarka duk kamfanin da ka koma. Ni da can abin da ke riƙe ni kenan, ina ganin in na bar kamfanina zan rasa shekarun da na tara. A manhajar kuwa sai ga layin ragin a rubuce ƙarƙashin kowane farashi. To amma a nan ne mutanenmu da yawa ke cutar kansu ba su sani ba. Wani motar tasa ce shi ya biya kuɗinta amma da sunan wani take, abokin aiki ko ɗan kafil, wato ubangidan da iƙamarsa ke ƙarƙashinsa, shekara bakwai yana tuƙi lafiya amma tarihin na wancan ne. Wani kuma yakan bari takardar ta mutu ta yi watanni kafin ya sabunta, ragin ya zube a dawo da shi farko. Don Allah in da hali a sabunta kafin ta ƙare.

Da na ga 905 niyyata in danna in biya in kwanta. Uwargida ce ta ce Abban yara, tunda kana ciki duba shamil mana mu gani, ka manta motar maƙwabcinmu? Ban manta ba. Ranar 24 ga Nuwamba 2022 da ruwan nan ya sauka a Jidda, wanda aka ce ya kai milimita 179 cikin awa shida, muna tsaye a barandar imara, benen da muke haya, muna kallon motoci na yawo a kan ruwa kamar ƙwarya. Maƙwabcinmu dattijo ne, mutumin kirki, motarsa ta nutse har sitiyari, inji da na'urori duk suka tashi aiki, didal gair gare shi, ko riyal ɗaya kamfani bai ba shi ba kuma ba su zalunce shi ba, haka takardar take. Ƙarshe a tashlih, wajen masu kwance matattun motoci, ya sayar da ita. Waɗanda suka ga ambaliyar 2009 a unguwar Ƙuwaiza sun san wannan garin in ya yi ruwa ba ya wasa. Ni a ranar Allah ne ya taimake ni motar na wurin aiki a kan tudu.

Shafin shamil ya fi buƙatar natsuwa, a nan ne na kwashe kusan awa ɗaya da rabi. Za ka saka darajar motar da kanka, ni na sa 42,000 bayan na duba abin da ake sayar da irinta a Haraj, kasuwar tsofaffin motoci. Kar ka rage don farashi ya sauka, domin in motar ta lalace gaba ɗaya a kan abin da ka rubuta za a yi maka lissafi. Sai tahammul, shi ne kuɗin da kai za ka fara fitarwa daga aljihunka idan laifin naka ne kafin kamfani ya ɗauki saura. In ka sa shi ƙasa kamar 500 kuɗin shekara ya hau, in ka sa shi 3,000 ko 5,000 kuɗin shekara ya faɗi ya yi kyau a ido, amma ka tambayi kanka tsakani da Allah, ranar da abin ya faru kana da 5,000 a ajiye? In babu to wannan arahar ba taka ba ce. Ni na tsaya a 1,500 don shi ne abin da na san zan iya haɗawa ba tare da na ci bashi ba. Sai zaɓin wurin gyara, wakala, wato wajen wakilin kamfanin motar, ko warsha, garejin kanikawa. Motar da ta kai shekarun tawa wakala ɓarnar kuɗi ce, wasu kamfanonin ma ba sa bayarwa, na zaɓi warsha. Sannan na buɗe takardar sharuɗɗan na nemo wurin da aka rubuta ambaliya da bala'o'in yanayi da idona, ban yarda da ji ba. Akwai ƙananan ƙari da ake sayarwa daban kamar motar aro lokacin gyara da jan mota in ta mutu a hanya da kariyar direba da fasinja, na ɗauki na direba da fasinja kawai saboda yara.

Abin da ya fito min a ƙarshe 2,050 har da haraji. Wato na ƙara 590 a kan abin da tsohon kamfanina ya nema na didal gair zalla, na samu shamil. Na san ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mai iyali, kuma ba na ganin laifin wanda ya tsaya a kan 905 ɗin, da motar ta fi haka tsufa ni ma nan zan tsaya. Sun nemi hotunan motar ta kowane ɓangare da lambar IBAN, na biya da katin mada, takardar ta zo a waya nan take, da safe na duba Absher na ga ta hau.

Kafin in biya sai da na yi abu ɗaya da manhaja kowace iri ba za ta yi maka ba, na tambayi mutane. Farashi lamba ce kawai, halin kamfani kuwa sai ranar da aka buga mota ake saninsa. Na kira wani kawuna da ya yi shekara sama da 30 yana tuƙi a garin nan, na ce Kawu ga sunaye uku da nake dubawa, wanne ka taɓa hulɗa da shi? Ya ba ni labarin yadda ya yi da ɗaya, bayan Najm sun rubuta rahoto an ba wancan laifi ɗari bisa ɗari, ya kai motar cibiyar Taƙdir aka ƙiyasta ɓarnar, kuɗinsa suka shigo ba tare da yawo ba. Ɗaya kuma ya ce ɗansa ya sha zirga-zirga da su kan takarda ɗaya. Ba zan faɗi suna ba don labarin mutum ɗaya ba ya isa a yanke wa kamfani hukunci, amma ni ya ishe ni na bar mafi arahar shamil ɗin na ɗauki na biyu, bambancinsu riyal 110.

Wata magana da ba na so in tsallake. Akwai masu tallan ta'amin a WhatsApp da wasu ofisoshin cikin lungu da ke cewa kawo 500 a yi maka. Shekarun baya na taɓa ba wani mai ofis, takardar gaskiya ce ya yi min amma ya ɗora nasa 150 a kai, kuma lambar wayarsa ya saka ba tawa ba, duk saƙon da kamfani ke turowa wajensa yake zuwa. Wannan ma mai sauƙi ne, akwai wanda ake ba takardar bogi ko a cika masa bayanan ƙarya don farashi ya sauka, sai ranar hatsari asiri ya tonu. Iyayenmu da ba su iya karatun waya ba su aka fi yi wa haka, kuma abin na ɓata min rai ƙwarai, mutum ya tsufa yana neman halal a cuce shi a kan abin da ɗansa zai yi masa cikin minti goma. Kuma a faɗi gaskiya wajen cikewa. In an rubuta motar ta amfanin gida ce kai kuma kana ɗaukar fasinja da ita don kuɗi, ko lasisinka ya daɗe da mutuwa, ko ka keta jar danja, kamfani zai biya wanda ka buga sannan ya dawo kanka ya nemi kuɗinsa. In matarka ko ɗanka na tuƙa motar ka saka sunansu, tafwid na Absher, wato izinin tuƙa motar, daban, sunan direba a takardar ta'amin daban.

Sai maganar gida. Mu 'yan haya ne a hawa na ƙasa, kuma a wancan ruwan na 2022 sai da ya shigo mana ta ƙarƙashin ƙofa, ya lalata kafet da kujerun majalisi da injin wanki, firji ma da ƙyar ya tashi. Mai imara ya gyara bango da wayoyin wuta, kayan ciki ya ce ba nasa ba ne, kuma gaskiyarsa. Tun daga nan na yi inshorar kayan ɗaki, ba dole ba ce a doka, yawancin mutanenmu ma ba su san akwai ta ga ɗan haya ba. Riyal 380 nake biya, bana suka ce 520. Wannan ban bi ta manhaja ba domin ina da tambayoyin da sai da mutum, na shiga shafukan kamfanoni uku na kuma kira su. Gaskiya wannan ɓangaren ya fi na mota wahala nesa ba kusa ba, babu takarda ɗaya da kowa ke bi, kowa da nasa sharuɗɗan. Ɗaya ya ba ni 300 na yi murna, da na karanta sai na ga gobara da sata ne kawai, ruwan sama da ambaliya sai an ƙara kuɗi, ni kuwa saboda ruwan nake yi. Ɗaya ya haɗa da ruwa amma tahammul ɗinsa ya kusa kuɗin injin wankin da kansa. Gwal ɗin mata kuma, a duk takardun da na karanta akwai iyakar da aka sa masa, ƙarama ce, wani ma sai ka lissafa shi daban da rasit, don haka uwargida kar ta ɗauka an rufe mata komai. Sata ma sai akwai alamar fasa ƙofa ko taga da rahoton 'yan sanda.

A ƙarshe na koma wa kamfanina na gida na ce ga abin da na samu a waje. Muka zauna a waya da ma'aikaciyarsu muka bi kayan ɗaya bayan ɗaya, ashe tun farko na zuba darajar da ta wuce abin da ke cikin shiggar, na lissafa har da mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, guda biyu da na mai gida ne. Da aka cire su aka gyara lissafin ya dawo 430 kuma ambaliya na ciki. Na zauna da su. Ta ba ni shawarar in ɗauki hoton kowane ɗaki da rasit ɗin manyan kaya in ajiye a imel ba a waya kawai ba, na yi hakan a daren, na haɗa da kwafin yarjejeniyar haya ta Ejar.

Game da Tameeni dai ni na gamsu, ban biya su ko riyal ɗaya a kan dubawa ba, kuma ko ba za ka saya ta wajensu ba ka shiga ka ga jerin, akwai irinsu kamar BCare, duba biyu ya fi duba ɗaya, ka kuma leƙa shafin kamfanin da kansa ka gwada. Na dattijon maƙwabcinmu zai ƙare wata mai zuwa, ya sayi wata 'yar Accent bayan waccan, na ce masa Baba kar ka kai wa kowa, ka kawo min istimara da iƙama bayan magariba mu zauna mu duba tare.